Yadda Ake Lissafin Rangwamen Sari da Rangwamen Biya da Wuri, Mataki-Mataki

Tambayar yadda ake lissafin rangwamen sari da rangwamen biya da wuri ta daɗe tana zuwa mini, kuma daga wurare biyu take fitowa. Akwai ɗalibai masu shirin WAEC da NECO da 'yan foliteknik masu karanta harkar kasuwanci, waɗanda ke cewa sun san ninkawa da rabawa amma amsarsu ba ta dacewa da ta malami. Akwai kuma yaran shago, da ƙananan 'yan kasuwa masu sari a Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari, da matan da ke saro atamfa da leshi suna sayarwa a gida. Su damuwarsu ita ce ana ce musu an yi musu ragi, amma idan suka zauna da daddare suka duba, sai su ga kuɗin bai tashi yadda suka zata ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya, wanda ya gama firamare zai iya. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen jeri: wanne za a fara cirewa, kuma daga cikin wane kuɗi za a cire shi. A kan wannan zan fi tsayawa.

Kayan aikin kaɗan ne: kalkuleta mai manyan maɓallai irin wadda ake ajiyewa a kan teburin shago, littafi mai kauri da biro, kalanda, da takardar kayan da dila ya rubuta maka. Wayar hannu ma za ta yi. Farashin da ke cikin misalan nan na koyarwa ne kawai, kowa ya sa nasa na yau a gurbinsu.

Mataki na 1: Tantance wane irin rangwame ne

Rangwamen sari shi ne ragin da kamfani ko babban dila ke yi wa wanda zai saya ya sayar, ko wanda ya ɗauki kaya da yawa. Nan take ake cire shi a kan takarda, ko lakadan ka biya ko bashi ka ɗauka. Rangwamen biya da wuri kuwa ana yi wa wanda ya ɗauki kaya bashi ne, idan ya biya cikin wasu kwanaki da aka ƙayyade. Na farko ya zama naka tun lokacin da aka rubuta takarda. Na biyu yana da sharaɗi, idan ka wuce ranar ya tafi.

Kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce, "Alhaji, wannan ragin na sari ne, ko sai na biya kafin wata rana?" Babu dilan kirki da zai ji haushin wannan tambaya.

Gargaɗi: ragin da ake samu a bakin ciniki, ka taya a ce albarka, ka ƙara a sallama, ba ya cikin biyun nan. Abin da aka sallama a kai shi ne farashi, daga shi lissafi zai fara.

Mataki na 2: Fitar da jimillar kuɗin kaya

Ninka yawan kaya da farashin guda ɗaya. A ce mai shago a Kurna ya shiga Singa ya ɗauki katan 50 na sabulu, kowane katan ₦16,000.

50 × 16,000 = ₦800,000

Wannan adadi za mu riƙe har ƙarshe.

Gargaɗi: tabbatar farashin na katan ne ko na dozin, na turmi ne ko na yadi. Kuma kada ka zuba kuɗin dako da na mota a nan, ajiye su gefe tukuna.

Mataki na 3: Cire rangwamen sari

A ce dila ya ba da kashi 10 cikin 100, wato 10%. Hanya biyu ce, kuma wuri ɗaya suke kaiwa.

Ta farko, ka nemo ragin sannan ka cire shi:

800,000 × 10 ÷ 100 = ₦80,000
800,000 − 80,000 = ₦720,000

Ta biyu ta fi sauri. Idan an rage 10 daga 100, saura 90, don haka ka ninka da 0.90 kai tsaye:

800,000 × 0.90 = ₦720,000

Ina ba da shawarar a saba da hanya ta biyu, domin ita ce za ta yi maka aiki a duk matakan da ke gaba. Ragin 5% ana ninkawa da 0.95, na 15% da 0.85, na 2.5% da 0.975. Idan kana son sanin yadda katan ɗaya ya faɗo maka, raba 720,000 gida 50, zai ba ka ₦14,400.

A tsakiyar kasuwa, ga 'yan dako na jiran a ce su ɗauka, ga mai kura ya tare hanya, ba kullum ake samun sararin danna kalkuleta ba. Akwai dabarar da tsofaffin 'yan kasuwa ke yi da ka. Kashi 10 na kowane kuɗi, cire sifili ɗaya: 800,000 ya zama 80,000. Kashi 5 rabin wannan ne, 40,000. Kashi 1, cire sifili biyu: 8,000. Daga waɗannan uku za ka haɗa duk abin da kake so. Kashi 7, alal misali, 40,000 ne da 8,000 sau biyu, wato 56,000.

Gargaɗi: 5% shi ne 0.05, ba 0.5 ba. Wanda ya danna 0.5 ya raba kuɗin biyu ke nan. Maɓallin % kuma ba iri ɗaya yake aiki a kowace kalkuleta da kowace waya ba, shi ya sa ninkawa da 0.90 ya fi aminci.

Wani lokaci lissafin baya ake buƙata, kuma masu jarrabawa suna son wannan tambaya. An ce mutum ya biya ₦720,000 bayan ragin 10%, nawa ne farashin asali? Raba za ka yi:

720,000 ÷ 0.90 = ₦800,000

Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi kashi 10 na 720,000 a ɗora a kai, a sami 792,000. Bai yi daidai ba, domin daga 800,000 aka cire ragin tun farko, kashi 10 na 800,000 kuwa ya fi kashi 10 na 720,000 yawa.

Mataki na 4: Mayar da ragin naira da gyara zuwa kashi

A kasuwannin Kano ba kasafai ake magana da kashi cikin ɗari ba. Abin da za ka ji shi ne, "Hajiya, na rage miki ɗari shida a kowane turmi," ko "Ɗauki goma in ƙara maka ɗaya." Muddin ba ka mayar da waɗannan zuwa kashi ba, ba za ka iya gwada tayin wannan dila da na wancan ba.

Raba ragin da farashin asali, ka ninka da 100. Turmin atamfa na ₦12,000 da aka rage ₦600:

600 ÷ 12,000 × 100 = 5%

Wani turmin na ₦25,000 da aka rage ₦1,000:

1,000 ÷ 25,000 × 100 = 4%

A kunne dubu ɗaya ta fi ɗari shida daɗin ji, amma mai ɗari shidan ne ya fi yi miki sauƙi a kan kowace nairar da kika kashe.

Gyara kuwa nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sayi goma a ƙara maka ɗaya ba ragin 10% ba ne. Kuɗin goma ka biya, ka tafi da sha ɗaya, saboda haka ɗaya cikin sha ɗaya aka ba ka, wato kusan 9.1%. Da katan na ₦16,000, ka biya ₦160,000 ka kwashi katan 11, kowanne ya faɗo a kan ₦14,545. Wanda aka yi wa ragin 10% kai tsaye kuwa nasa ya faɗo a ₦14,400. Bambancin ₦145 ne a kowane katan. Haka sayi ashirin a ƙara ɗaya, ɗaya cikin 21 ne, kusan 4.8%, bai kai 5% ba.

Gargaɗi: gyara tana da amfani ne idan kayan masu tafiya ne. Katan ɗin da zai zauna a sito har ranar lalacewarsa ta zo bai rage maka ko kwabo ba.

Mataki na 5: Idan rangwamen sari ya zo bi da bi

Kamfanoni kan ba da ragi hawa-hawa: 10% domin kai dila ne, da ƙarin 5% domin ka ɗauki katan 50 ko fiye. A takarda za ka ga an rubuta "10% da 5%". Kada ka haɗa su ka ce 15%. Na biyun daga abin da ya saura ake cire shi.

800,000 × 0.90 = 720,000
720,000 × 0.95 = ₦684,000

Da ka haɗa su 15%, da ka sami ₦680,000, ka tafi wurin dila da giɓin ₦4,000, a tsaya ana musu a kan abin da babu wanda ya cuci wani.

Domin sanin ainihin ragin a dunƙule, ninka lambobin da juna: 0.90 × 0.95 = 0.855. Ma'ana kashi 85.5 za ka biya, ragin gaba ɗaya 14.5% ne.

Amfanin wannan yana fitowa fili idan kana zaɓi tsakanin diloli. Ɗaya ya ce 15% da 10%, ɗaya ya ce 20% da 5%. Duka biyun idan aka tara 25 ne, sai ka zaci daidai suke. Na farko: 0.85 × 0.90 = 0.765, ragi 23.5%. Na biyu: 0.80 × 0.95 = 0.76, ragi 24%. A kan kayan ₦2,000,000, wurin na farko za ka biya ₦1,530,000, wurin na biyu ₦1,520,000. Dubu goma ke nan a sari ɗaya, kuma mai sari sau biyu ko uku a wata ya san abin da hakan ke tarawa a shekara.

Wanda ka fara cirewa cikin biyun bai canza amsa. Ko 5% ka fara da shi ko 10%, ₦684,000 za ka samu.

Daga nan za mu koma kan misalinmu na ragin 10% kaɗai, wato ₦720,000.

Mataki na 6: Ware kayan da aka mayar, kuɗin mota da haraji

Kafin ka taɓa rangwamen biya da wuri, sai ka tsabtace adadin da za a cire shi daga ciki.

Kayan da aka mayar ana cire su ne a kan farashin da ka saya, bayan ragi. Idan katan 5 sun jiƙe a hanya ka mayar, 5 × 14,400 = ₦72,000 za a cire, bashinka ya koma ₦648,000. Wanda ya nemi a cire masa 5 × 16,000 yana neman kuɗin da bai biya ba.

Kuɗin mota da lodi da dako ba sa shiga rangwame. Idan dila ya biya maka ₦15,000 na mota ya sa a takarda, cikakku za ka mayar masa. Ka ajiye su gefe, ka gama lissafin ragi, sannan ka ɗora su a ƙarshe.

Harajin kayayyaki na VAT a Najeriya 7.5% ne tun watan Fabrairun 2020. Idan takardar kamfani ta nuna shi daban, a kan kuɗin da ya saura bayan rangwamen sari ake lissafa shi:

720,000 × 0.075 = ₦54,000

Idan aka lissafa a kan 800,000 zai zama ₦60,000, an ɗora maka ₦6,000 ke nan babu dalili. Duba wannan layi da kyau a kowace takarda. A misalinmu za mu ɗauka harajin yana cikin farashi tun farko, kamar yadda aka saba a yawancin cinikin cikin kasuwa.

Mataki na 7: Karanta sharaɗin biya, ka ƙirga kwanaki

A takardun kamfanoni da tambayoyin jarrabawa za ka ga rubutu irin wannan: 2/10, n/30. Lambar farko ita ce ragin, 2%. Ta biyu kwanakin da aka ba ka ka same shi, kwana 10. Ta ƙarshe wa'adin biyan bashin gaba ɗaya ba tare da ragi ba, kwana 30. Akwai mai hawa biyu, kamar 3/10, 1/20, n/30: ragin 3% cikin kwana 10, ya sauko 1% daga rana ta 11 zuwa ta 20, bayan nan babu.

Ƙirga tana farawa ne daga washegarin ranar da ke kan takarda. Idan an rubuta 25 ga Maris, kwana goma zai cika 4 ga Afrilu, tunda Maris kwana 31 ne, kwana talatin kuma 24 ga Afrilu. Kada ka yi da ka. Ɗauko kalanda ka ɗora yatsa, ka zagaye ranar da jan biro, musamman idan Fabrairu ya gifta a tsakani.

Alamomi biyu na ƙari da ake rubutawa bayan sharaɗin kan canza mafarin ƙirgar. Idan ka ga EOM, daga ƙarshen wata ake farawa: takardar 12 ga Maris mai 2/10 EOM tana ba ka har 10 ga Afrilu. Idan ka ga ROG, daga ranar da kaya suka iso hannunka ne. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga mai kawo kaya daga Legas, domin tirela na iya cinye rabin kwanakin a hanya kafin ta shigo Kano. Idan za ka iya, nemi a rubuta maka haka tun farko, kuma ka sa direba ko magatakardan sito ya sa hannu da kwanan wata a ranar da aka sauke.

Gargaɗi: kada ka bari sai ranar ƙarshe da yamma. Tiransifa na iya maƙalewa, kuɗi su fita daga wurinka ba su shiga can ba sai gobe, kuma dila da ranar da ya ga alat zai yi aiki. Biya da saura kwana ɗaya ko biyu, ka kuma lura da hutun Sallah da ƙarshen mako.

Mataki na 8: Cire rangwamen biya da wuri

Daga kuɗin da ya saura bayan rangwamen sari ake cire shi, ba daga jimillar farko ba.

720,000 × 2 ÷ 100 = ₦14,400
720,000 − 14,400 = ₦705,600

Ko a taƙaice, 720,000 × 0.98 = ₦705,600. Sai a ɗora kuɗin mota ₦15,000, abin da zai fita daga hannunka ya zama ₦720,600. Da a ce ka mayar da katan biyar ɗin nan, da 648,000 × 0.98 za ka yi, wato ₦635,040, kafin kuɗin mota.

Gargaɗi: nan ma ba a tara kashi da kashi. Wanda ya ce 10 da 2 sha biyu, ya cire 12% daga 800,000, zai sami ₦704,000. Ya gaza da ₦1,600, kuma a jarrabawa ya rasa makin tambayar.

Sau da yawa ba ka da duka kuɗin cikin kwana goman, amma kana da wani abu. Idan dila ya yarda da biyan wani ɓangare, ga yadda ake yi. A ce ka tura ₦490,000 a rana ta takwas. Wannan kuɗi kashi 98 ne na bashin da ya goge, saboda haka raba za ka yi:

490,000 ÷ 0.98 = ₦500,000

Bashin ₦500,000 ya fita, saura ₦220,000 da za ka biya kafin kwana 30. Masu ɗora 2% a kan 490,000 suna samun ₦499,800, kuskure iri ɗaya da na lissafin baya da muka gani a mataki na uku. Kafin ka tura, a yi magana a fili cewa biyan rabi ma yana da ragi, domin wasu sai an biya duka suke bayarwa.

Akwai maganar da bai kamata in tsallake ba, tunda yawancinmu Musulmi ne kuma muna son cinikinmu ya zama halal. Rage bashi domin a gaggauta biyansa mas'ala ce sananniya a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya ba ya halatta, haka ma wurin mafi yawan malamai. An ruwaito halascinsa daga Abdullahi ɗan Abbas, kuma Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun bi wannan ra'ayi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda, a zamanta na 1992, ta halatta shi da sharaɗin ba a ƙulla shi tun farkon ciniki ba, kuma tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai. Sharaɗi irin 2/10, n/30 kuwa tun farko ake rubuta shi, don haka wanda zai yi aiki da shi a shagonsa ya fara zama da malaminsa. Hanyar da mafi yawan malamai suka yarda da ita ita ce a faɗi farashi biyu, na lakadan ₦705,600 da na bashi ₦720,000, mai saye ya zaɓi ɗaya a tsayar kafin a rabu. Lissafin bai canza ba, yadda aka ƙulla cinikin ne ya bambanta. Ɗalibi kuma dole ya iya shi ko ta yaya, domin yana cikin manhaja.

Mataki na 9: Auna ko biya da wurin zai amfane ka

Kashi 2 kamar ba wani abu ba ne, amma duba kwanakin. Tsakanin rana ta 10 da ta 30 kwana 20 ne. Ka fitar da ₦705,600 kwana 20 kafin lokaci, ka tsira da ₦14,400.

14,400 ÷ 705,600 × 100 = 2.04%

Kwana 20 yana shiga shekara sau 18.25, wato 365 ÷ 20. Idan aka ninka, ya haura kashi 37 a shekara. Saboda haka idan kuɗin suna kwance ne a asusu ko a durowa, jinkirin biya asara ce a fili.

Amma a kasuwa kuɗi ba kasafai suke kwanciya ba, kuma nan ne littafin makaranta ke gajarta magana. Idan ₦705,600 ɗin nan za ka iya saro wasu kaya da su ka sayar tas cikin kwana 20 da ribar 5% bayan ka cire ɗawainiya, ₦35,280 ke nan, ya ninka ragin fiye da sau biyu. A irin wannan hali riƙe kuɗin zuwa wa'adi ya fi. Sharaɗin shi ne ka tabbata kayan za su fita kuma kuɗin za su dawo kafin rana ta 30. Wanda ya juya kuɗin dila ya kasa cika alƙawari ya taɓa amanarsa, a Kwari da Singa kuwa da amana ake ɗaukar kaya, ta fi ragin ₦14,400 tsada nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: idan ta POS za ka cire kuɗin ko ka tura, cire cajin daga ragin kafin ka yanke shawara.

Mataki na 10: Idan kai ne mai ba da rangwamen

Wannan ɓangare ya fi kowanne cin jarin ƙananan 'yan kasuwa, kuma yana damuna ƙwarai, domin yawanci kirki da kunyar kwastoma ne ke jawo shi. Ana lissafa ragi a kan farashin sayarwa, amma daga cikin riba yake fita.

Fara da sanin yadda kaya suka tsaya maka har ƙofar shago. A misalinmu ₦720,600 ÷ 50 = ₦14,412 kowane katan. A ce kana sayarwa ₦15,500, ribarka ₦1,088. Wani ya zo ya ce, "Maigida, a yi mini ragin kashi biyar, goma zan ɗauka." Kashi 5 na 15,500 shi ne ₦775. Abin da ya rage maka ₦313 ne a katan. Ragin da ka ji kamar ƙarami ya kwashe sama da kashi 70 na ribarka, kuma sai ka sayar da kusan katan uku da rabi kafin ka sami abin da katan ɗaya ke ba ka a da.

Saboda haka ka san iyakarka tun kafin kwastoma ya shigo. Raba riba da farashin sayarwa:

1,088 ÷ 15,500 × 100 = kusan 7%

Ragin da ya kai 7% ya cinye ribar duka, wanda ya wuce nan ya shiga uwar kuɗi, ba a ma zo kan kuɗin haya da na wuta da sallamar yara ba. Rubuta mafi ƙarancin farashin kowane kaya a bayan littafin shago, ka nuna wa yaranka, domin kada su sallama abin da kai ba za ka sallama ba ranar da ka tafi ɗaurin aure ko jana'iza.

Idan kana so bayan ragin 5% ga 'yan sari ₦15,500 ta shigo hannunka, farashin da za ka sa shi ne 15,500 ÷ 0.95, kusan ₦16,320. Wannan daidai ne matuƙar shi ne farashin da mai sayen ɗai-ɗai ke biya da gaske. Ƙara farashi da gangan domin a nuna wa mutum an yi masa ragin da babu shi yaudara ce, kuma kwastoman da ya gano ba ya dawowa.

Mataki na 11: Shigar da shi littafi

Rangwamen sari yana bayyana a takardar kaya kawai, ba ya shiga littafin asusu. Mai saye zai rubuta ya sayi kayan ₦720,000, mai sayarwa ya rubuta ya sayar da na ₦720,000. Adadin ₦800,000 da ragin ₦80,000 ba su da gurbi a can.

Rangwamen biya da wuri kuwa dole a rubuta shi, domin bashin ₦720,000 aka shigar, ₦705,600 aka biya, idan ba a nuna inda ₦14,400 ta tafi ba littafi zai ci gaba da nuna ana bin ka. A littafin kuɗi mai layi uku, wanda ɗaliban akanta suka sani, akwai layin rangwame, da na tsabar kuɗi, da na banki a kowane ɓangare. Rangwamen da ka ba kwastoma yana hagu, ɓangaren kuɗin da suka shigo, kuma ɗawainiya ce a kanka. Wanda dila ya ba ka yana dama, ɓangaren kuɗin da suka fita, kuma samu ne a gare ka. A ƙarshen wata ana tara kowane layin rangwame daban a kai shi asusunsa, ba a cire ɗaya daga ɗaya.

Mai ƙaramin shago da ba ya riƙe irin wannan littafi, layi ɗaya ya ishe shi a kan kowane sari: kwanan wata, sunan dila, kuɗin kaya bayan rangwamen sari, ranar ƙarshe ta ragi, abin da aka biya, da ragin da aka samu. Ranar da ka biya, ka sa dila ko yaronsa ya rubuta "an biya duka" a jikin takardar ya sa hannu, ka maƙala rasit ɗin tiransifa a bayanta.